Fatar Layya da Kwanon Bagaruwa: Sharhi Kan Koyon Jima a Gida



Sharhinmu na yau a kan fata ne, kuma zan fara daga inda kowa ya sani, wato tsakar gida ranar Babbar Sallah bayan azahar. An yanka rago, an feɗe, hankalin kowa ya koma kan nama. Mata na wanke kayan ciki, yara sun kewaye murhu suna jiran hanta, maigida na lissafin kason maƙwabta. Fatar kuwa an dunƙule ta da jininta da kitsenta an jefa gindin katanga, ƙuda ya rufe ta. In an yi sa'a, 'yan agajin wata ƙungiya su zo su ɗauka kafin magariba. In ba a yi ba, nan za ta kwana, washegari ka kama gashin da yatsa biyu ya biyo hannunka. Fatar da ta kai wannan hali ta gama lalacewa, babu majemin da zai iya dawo da ita. Abin da nake so in kafa wa hujja a yau shi ne, mutumin da bai gaji jima ba, bai taɓa riƙe kartaji ba, zai iya koyon jeme fatar akuya ko ta tunkiya a gidansa, kuma ƙasarmu na buƙatar irinsa da yawa. Sharaɗin dai biyu ne: ya fara da ƙaramar fata, sannan ya bi hanyar bagaruwa da majemanmu suka sani, ya bar wa masana'anta sinadaranta.

Mu fara da sanin abin da jima take, domin da yawa daga cikinmu muna ɗaukar shanya a matsayin jima. Ɗanyar fata kusan kashi biyu cikin uku nata ruwa ne, sauran kuma saƙa ce ta wasu zaruruwa masu ƙarfi da masana ke kira kolajin. In ka bar ta a jiƙe, ƙwayoyin cuta su cinye ta, ta ruɓe. In ka busar da ita, zaruruwan su manne da juna, ta ƙandare kamar faifai, kuma ranar da ruwa ya sake taɓa ta sai ta koma ɗanya, ruɓar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Jima ita ce hanya ta uku. Duk wanda ya taɓa tauna bagaruwa ya san baurin nan da ke ɗaure baki, irin wanda ake ji a goro da shayin da ya yi kauri. Wannan baurin sinadari ne da ake kira tanin, kuma abin da ya yi wa harshenka shi yake yi wa fata: yana shiga tsakanin zaruruwan ya kama su, ya hana su mannewa idan sun bushe, ya kuma hana ƙwayoyin cuta samun abinci a jikinsu. Shi ya sa jemammiyar fata za ta sha ruwa ta bushe ta kuma lanƙwasa, ta yi shekaru ana salla a kanta. Buzaye da yawa da ake shimfiɗawa a gidaje busassun fatu ne kawai, shi ya sa damina ɗaya take tona asirinsu da wari da zubar gashi.

To, ina hujjar cewa wannan aiki na tsakar gida ne? Tarihinmu ya ishe mu. Tun a ƙarni na 16 matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci takalman da ake ɗinkawa a Gobir ana kai su Tambutu da Gao. Bajamushe Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da takalma da jemammun fatu suna cikin manyan hajojin da ayari ke fita da su, har zuwa Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta 'yar uwarta ta Maraɗi sun keta Sahara a bayan raƙuma, suka isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, shi ya sa wani kaso na abin da Turawa suka sani da sunan fatar Maroko daga ƙasar Hausa ya fito. Har yanzu masu yi wa littattafai masu tsada bango a Ingila suna neman fatar akuyar Nijeriya da sunanta. Duk wannan suna an yi shi ne ba da inji ko ɗaya ba. Da kwatarniya aka yi shi, da toka, da kashin tattabara, da bagaruwa, da man gyaɗa. Wanda ya je majemar Ƙofar Wambai a Kano, ko ta Gamkalle a bakin kogin Kwara a Yamai, zai ga kayan aikin ba su wuce abin da za a iya tarawa a lungun gida ba. Abin da majemi ya fi mu shi ne ido da hannu da suka saba, kuma sabo da yi ake samunsa.

Sai dai duk mai son koyo ya sani, rabin jima ana yin sa ne tun fata ba ta ga bagaruwa ba, kuma a nan ne aka fi yin asara. Wuƙar fiɗa ce farkon mai laifi. Mai fiɗa yana sauri don ya je gida na gaba, wuƙarsa mai tsini ce, sai ya riƙa tsaga fatar ta ciki. Wani tabon ba ya hudawa, ido ba ya ganinsa a ɗanya, sai an jeme an ja ta sannan ta yage daidai wurin. Akuya da rago ba sa buƙatar wuƙa sosai. In an tsaga tsakiyar ciki da ƙafafu, sauran aikin dunƙulen hannu ne, a riƙa tura shi tsakanin fata da nama ana ja, kamar yadda tsofaffin mahauta ke yi. Da an cire ta, a shimfiɗa a inuwa ta huce, a wanke jini da ruwan sanyi, a kankare kitse da guntayen tsoka, domin gishiri ba ya ratsa kitse. Sannan a zuba gishiri ta ɓangaren nama, kimanin sulusi zuwa rabin nauyin fatar. Fatar da ta kai kilo 3 ke nan tana son gishiri kilo 1 zuwa 1 da rabi. A cuɗa shi ko'ina, musamman gefe-gefe da wuya da gindin wutsiya, inda fata ke naɗewa ta ɓoye danshi. A ɗora ta a gangare ruwan ya tsiyaye, washegari a kakkaɓe jiƙaƙƙen gishirin a sake sabo. A zafi irin namu wannan aiki na 'yan sa'o'i ne bayan yanka, fata ba ta kwana ba gishiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ita kuwa fata tun tana ɗanya ake cetonta.

Wanda bai da gishiri ya shanya, amma a inuwa mai iska, a ɗaure ta da igiya a cikin katako huɗu ta miƙe iska na ratsa ta gaba da baya. Shanya a ƙasa cikin tsakar rana, wadda ita muka fi yi, tana ƙona saman fata ya bushe ya rufe, cikin yana nan da danshi yana ruɓa a ɓoye. Fatar za ta yi kyau a ido, ranar da aka jiƙa ta sai ta rabu gida biyu kamar takardar da ta sha ruwa.

Idan fata ta tsira daga wannan mataki, mai koyo ya huta, domin fatar da ta sha gishiri za ta jira shi makonni har ya shirya. Jimar kanta tana farawa da jiƙo: a sa fatar a ruwa kwana guda ana sauyawa, gishiri ya fita, ta koma laushi kamar ranar da aka feɗe ta. Daga nan sai ruwan toka, wanda wasu majema ke haɗawa da katsin marina ko farar ƙasa. Aikinsa shi ne sassauta tushen gashi da buɗe saƙar fatar. A riƙa juyawa safe da yamma, bayan kwana biyu zuwa huɗu a gwada da babban yatsa, in gashin ya tafi ba gardama lokaci ya yi. A ɗora ta a kan gungumen icce mai santsi da aka jingine, a tuje gashin da kartaji, wuƙar nan mai mariƙi biyu marar kaifi, a juya a kankare ɓangaren nama har sai farin yaɗin nan ya fita. Wanda bai da kartaji ya yi amfani da bayan adda. Fatar da ta fito daga toka takan kumbura, ta yi tauri da santsi kamar roba, kuma a nan ne mai gaggawa yake faɗawa rami. In ya jefa ta bagaruwa a haka, za ta yi duhu, fuskarta ta riƙa tsagewa idan an lanƙwasa. Dole a wanke tokar ta fita sarai, a kuma saukar da kumburin. Majemanmu suna yin haka da jiƙon kashin tattabara ko na kaji, wasu da ganyen fataka. Mutanen Fas a Maroko ma har gobe kashin tattabara suke sawa, Turai kuwa ba ta rabu da kashin kare ba sai bayan da Bajamushe Otto Röhm ya fito da madadinsa a 1908. Mai koyo a gida yana da hanya mafi sauƙin wari: ya jiƙa dusa ta yi tsami, ya sa fatar ta kwana a ciki. Gwajin shi ne ka danna ta da yatsa. In shatin yatsan ya zauna, ta yi. In ka bar ta ta wuce haka, ruɓa ce za ta biyo baya, don haka wannan mataki yana son a tsaya a kansa.

Sai uwar tafiya, bagaruwa. A samu busassun 'ya'yanta, a daka, a fitar da ƙwallon, domin a ɓawon baurin yake. A jiƙa garin da ruwa mai ɗumi, a bar shi ya huce kafin fata ta shiga, saboda ɗanyar fata tana tsukewa ta dahu idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 60. Mazubin ya zama kwatarniya ko bahon roba. Kada ya zama na ƙarfe, kada ko ƙusa ta faɗa ciki, domin tanin da ƙarfe in sun haɗu baƙi suke haifarwa, kuma tabon ba ya fita. Da wannan haɗin ne ma dukawa ke samun baƙin rini idan suna so, amma su da gangan suke yi. Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce a fara da ruwa tsararo, a riƙa ƙara gari kullum. Mai koyo yakan zaci in ya zuba bagaruwa da yawa tun ranar farko zai gama da wuri, alhali abin da zai faru shi ne saman fatar ya jemu ya toshe, baurin ya kasa shiga ciki. A riƙa cuɗa ta ana matsewa ana mayarwa sau da yawa a yini. Fatar akuya takan ɗauki kwanaki kaɗan zuwa mako guda, kuma ba a yarda da lissafin kwana sai an gwada: a yanki ɗan ƙaramin gefe daga wuya, inda ta fi kauri, a duba bakin yankan. In launin ƙasa-ƙasa ya ratsa daga sama har ƙasa, ta jemu. In akwai farin layi a tsakiya, a mayar da ita. Bayan nan a ɗauraye, a matse, a shafa man gyaɗa kaɗan tun tana da danshi, a rataye a inuwa. Kafin ta gama bushewa a sauke, a taka gefe ɗaya da ƙafa a ja ɗayan, a goga ta a bakin turmi ko a kan igiya, a juya a sake, har hannu ya gaji. Laushin da ake yabo a fatar Kano daga wannan jan yake fitowa. Mai son ja ya rina da karan dafi da ɗan ruwan kanwa, mai son rawaya ya nemi gangamau.

Na ce a fara da ƙaramar fata, kuma dalilin kauri ne. Ƙirgin sa ya ninka fatar akuya kauri sau da yawa, bauri kuwa a hankali yake tafiya. A Ingila, masu jeme ƙirgin tafin takalmi da ɓawon itace sukan bar shi a rami fiye da shekara guda. Mai koyon da ya fara da ƙirgi zai ƙare da abu mai nauyi, jemamme a waje ɗanye a ciki, ya ce jima ƙarya ce. Mafi sauƙin farawa ma shi ne buzu. Tunda ana son gashin ya zauna, babu toka babu dusa. A wanke fatar rago da sabulu, a kankare kitsen da kyau don fatar tunkiya ta fi ta akuya maiƙo, a dama garin bagaruwa da kauri a shafe ɓangaren nama, a naɗe, a riƙa buɗewa ana sabuntawa har ya ratsa.

Yanzu bari mu saurari masu ja, domin suna da abin cewa. Na farko matashi ne mai waya a hannu. Zai ce ya ga bidiyo a YouTube ana jeme fata cikin yini guda, me zai sa ya yi mako yana cuɗa bagaruwa? Gaskiya ne akwai jimar sauri. Tun da Augustus Schultz ya yi rajistar jima da sinadarin kurom a Amurka a 1884, ita ta mamaye duniya, kuma mafi yawan takalman fata da muke sawa da ita aka jeme fatarsu. Masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai da ita suke aiki. Amma wannan hanya tana son ma'aunin tsami, da sikeli, da wurin tace ruwan da aka zubar, kuma ko manyan masana'antu ba su gama shawo kan dagwalonta ba, kamar yadda binciken masana da yawa kan gurɓatar kogin Challawa ya nuna. Sinadarin salfaid da suke tuje gashi da shi, in ya haɗu da ruwa mai tsami, yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kashe mutum a rufaffen wuri. Wanda ya shigo da waɗannan gidan da yara ke rarrafe, rijiya na tsakar gida, ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. Haka ruwan batir da wasu ke nunawa, yana cin hannu yana makantar da ido. Jimar alif, wanda wasu ke kira alam, ba ta da wannan haɗari, tana kuma ba da farar fata mai kyau, sai dai ruwa yana wanke ta. Jimar ƙwaƙwalwa da hayaƙi da 'yan asalin Amurka ta Arewa ke yi wa fatar barewa ita ma hanya ce ta gaskiya, amma su sun koma gare ta ne da abin da dajinsu ya ba su. Mu dajinmu ya ba mu itacen da 'ya'yansa ke cikin mafi kyawun kayan jima a duniya, ana auna shi da kwano a kowace kasuwar ƙauye.

Mai ja na biyu ita ce uwargida, kuma maganarta ta fi nauyi: wari da cuta. Ba zan ce jima ba ta da wari ba. Amma mafi munin warin na ruɓa ne, kuma fatar da ta sha gishiri a kan lokaci ba ta yin sa. Fata ɗaya a bahon roba mai murfi a bayan gida ba majema ba ce. Gashi da kitsen da aka kankare a binne su, ruwan toka a zubar nesa da rijiya, a sa safar hannu ta roba domin toka na cin fatar mutum kamar yadda take cin ta akuya. Duk da haka na yarda cewa wanda ke gidan haya mai ɗaki goma da makewayi ɗaya ya tsaya a gishiri da buzu, haƙƙin maƙwabci ya fi fata. Batun cuta kuwa babu sassauci a cikinsa. Cutar saifa, wadda likitoci ke kira antiraks, tsohuwar abokiyar gabar majema ce a duk duniya, ƙwayarta na rayuwa shekaru a busasshiyar fata da cikin ƙasa, kuma gishiri ba ya kashe ta. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta jihar Neja. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman in jini na fita ta hanci ko ta baya, ba a feɗe ta, ba a taɓa fatarta, likitan dabbobi ake kira. Mai koyo ya tsaya a fatar dabbar da ya san lafiyayya ce aka yanka.

Na uku shi ne wanda ba ya faɗin abin da ke ransa a fili, amma kowa ya san shi: ganin cewa jima sana'ar gado ce ta ƙasƙanci, ɗan gidan mutunci ba ya tsoma hannu a kwatarniya. Wannan tunani yana ba ni takaici, domin mutumin da ke ƙyamar majemi shi ne yake salla a kan buzu, ya rataya gafakar Alƙur'ani, ya hau doki da sirdi da linzami ranar hawa. Addinin da muke bi bai san wannan ƙyama ba. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah ya ƙara mata yarda, tana jima tana ɗinkin fata da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu, kuma da yawan sadakar nan aka san ta. A cikin hadisin da aka ruwaito daga Uwar Muminai Maimuna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci ruwa da ƙaraz a matsayin abin tsarkake fata. Ƙaraz ɗin nan itacen bagaruwa ne, kuma har yau mutanen Sudan garad suke ce wa 'ya'yansa, da su suke jima. Malamai sun yi saɓani a kan fatar mushe bayan jima, amma ta dabbar da aka yanka babu wata magana a kan tsarkinta. Akwai kuma wani hukunci da ya shafi maganarmu kai tsaye. A mazhabar Malikiyya ba a sayar da komai na layya, har fatar, ba a kuma biyan mai fiɗa ladansa da ita. Abin da ya rage wa mai layya shi ne ya bayar ko ya yi amfani da ita. Bayarwa alheri ne, ƙungiyoyi irin su Izala sun daɗe suna tara fatun layya suna ayyuka da kuɗinsu, sai dai sadakar fatar da aka sa wa gishiri ta fi sadakar wadda ta fara wari. Amfani da ita kuwa ba ya yiwuwa sai da jima. Wanda ke nufin ya riƙa sayarwa, ya sayi fatunsa wurin mahauta.

Na huɗu ɗan kasuwa ne, zai ɗauko alƙalami ya ce lissafin bai fita ba. Gishiri, bagaruwa, mai, da wahalar mako guda, duk a kan fata ɗaya da ba za ta kai ta majemi kyau ba, ga kuma masu ganda suna biya nan take. A kan fatar farko yana da gaskiya, za ta fito da tauri a wani gefe, da tabo a wani, ta biyu ma ba lallai ta burge ba. Amma ganda galibi ƙirgin shanu take ci, har shugaban cibiyar binciken fata ta NILEST da ke Samarun Zariya ya yi kira a 2022 da a kafa dokar hana cinta. Mu kuwa a kan awaki da tumaki muke magana, waɗanda babbar asararsu wuƙa ce da ruɓa. Ita wannan cibiya ta samo asali ne a 1964 a matsayin shirin koyar da gyaran fatu da ƙiraga, wato sama da shekara 60 ke nan hukuma na ƙoƙarin koya wa jama'a fiɗa da adana fata, amma je ka duba gindin katanga ranar Sallah. Dalili shi ne wa'azi ba ya shiga kamar yadda asara ke shiga. Mutumin da ya yi mako yana cuɗa fata, ranar ja ta yage masa a kan tabon wuƙa, ba zai sake barin mai fiɗa ya yi yadda ya ga dama ba. Zai fara ganin illar kaska da ƙazuwa da lalas a jikin dabbarsa tun tana raye. In aka samu mutum ɗaya irin wannan a kowace unguwa, fatun unguwar gaba ɗaya sun tashi daga reje sun koma masu daraja, ko da shi kansa bai taɓa sayar da jaka ɗaya ba. Wannan ribar ba ta shiga littafin ɗan kasuwa, amma tana isa masana'anta, tana isa ga baduku.

Daga nan wani zai ce, to ai cin abincin majema za a yi. Ni a ganina akasin haka ne zai faru. Abin da ke rage majema shi ne takalmin roba da jakar leda da suka cika kasuwa, da kuma 'ya'yan gidan da suka bar sana'ar saboda kallon da ake yi mata. Mai koyo a gida shi ne zai fara sanin cewa kuɗin da majemi ke nema bai kai wahalarsa ba, shi ne kuma zai iya bambanta jakar fata da ta roba a Kasuwar Kurmi ya biya ba tare da jayayya ba. Shawarata ma ita ce kada kowa ya tsaya a abin da ya ji a rediyo. Ya ɗauki goro ya je majema mafi kusa, ya gaida dattawan wurin, ya ce, “Baba, koyo na zo.” Ya zauna ya ga yadda ake riƙe kartaji, ya taɓa fatar da ta fito daga toka da wadda kumburinta ya sauka, domin akwai abin da yatsa ke ganewa wanda baki ba ya iya bayyanawa. In an nemi ya biya, ya biya. Akwai tsofaffi a Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram da suka san adadin kwanan da fata ke so a hunturu da wanda take so a bazara, kuma yawancin wannan sani ba a rubuce yake ba.

Ga mai niyya, shirin ba ranar Sallah ake fara shi ba. Bagaruwa da rani take nuna, a lokacin ta fi araha, kuma busasshiya tana ajiyuwa in an kiyaye ta daga danshi. A tanadi kwano biyu ko uku, da gishirin buhu marar tsada, da bahon roba, da safar hannu, a riƙa tara tokar icce a tsohon tulu. A yi magana da mai fiɗa tun ana saura kwana biyu, a gaya masa ana son fatar, a ƙara masa wani abu a kan ladansa don ya ajiye wuƙa ya sa hannu. Sannan a ba yaro ɗaya a gidan aikin fatar shi kaɗai, ya san cewa kafin a ɗora tukunyar kayan ciki, shi ya riga ya shimfiɗa ta a inuwa ya fara zuba gishiri daga wuya.